Insha'in Dabbobin Gidanmu

Ɗana na fari malamin firamare ne. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa gaban mutane, ba ta kuma shiga faɗansa ko da shi ke da gaskiya. Tun yana ƙarami "kai" nake ce masa, in zancensa ya kama a gaban wasu in ce "wancan yaron". Da ya gama karatun malanta aka turo shi makarantar ƙauyenmu sai na samu sauƙi, na bi bakin jama'a ina ce masa Malam. Shi kuwa Yaya yake ce mini, don a ɗakin kakarsa ta wajen uba ya tashi, yana jin ƙannen mijina suna kirana haka.

Ƙauyen namu ba shi da nisa da Karare, kasuwarmu kuma Batsari. Makarantar tana bakin gari, gini biyu ne, ɗaya iska ta kwashe kwanonsa tun wata damina ba a mayar ba. Malamai uku ne a takarda. Hedimasta daga Batsari yake zuwa a kan babur, ranar da hanya ta yi kyau. Malamin Arabiyya dattijo ne, shi ke riƙe da ƙananan yara. Manyan azuzuwan kuwa, aji biyar da aji shida, an haɗe su ɗaki guda an danƙa wa Malam.

Rayuwarsa ba ta da wani kwana-kwana. In ya dawo daga masallaci da asuba, in damina ce ya leƙa gona ya ɗan taɓa, ya dawo ya watsa ruwa, ya sha kunu a tsaye. Sai ya rataya jakarsa irin ta cefane, ya tafi ya kaɗa guntun ƙarfen da aka ɗaure a bishiyar bedin makaranta. Daga tsakar gida nake jin ƙarar, in san ya isa. Allon ajinsa jikin bango ne. In ya koɗe sai ya bi masu rediyo ya roƙi matattun batura, ya fasa, ya kwaɓa baƙin garin da ƙaro, ya shafe allon da tsumma. Duk ranar da ya yi wannan aikin sai faratansa sun kwana biyu ba su koma fari ba. Alli kuwa ko guntun da ya rage kamar ƙwayar gyaɗa ba ya yarwa, a aljihu yake dawowa da shi, ni ke tsintarsa wajen wanki.

Ni karatuna na tsufa ne. Bayan rasuwar mahaifinsu aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata, wata malama daga Safana tana zuwa da yamma ta koya mana a zauren mai gari. Na shiga furfura ta fara fito mini. Da hanya ta lalace malamar ta daina zuwa, amma kafin nan na iya haɗa baƙi, na iya riƙe biro. Sai dai karatun nawa da yatsa ne, a hankali. In na ɗauki littafin manya, kafin in kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Rubutun yaran ajin Malam shi ne daidai da ni.

Ranar Alhamis ce ranar insha'i a ajinsa. Ba ya yarda yaro ya rubuta abin da bai taɓa gani ba. Ya ce su a zamaninsu an sa su kwafe labarin teku da jirgin ruwa, alhali ko babban gulbi ba su taɓa ƙetarewa ba. Saboda haka shi daga cikin gari yake ɗauko abin da za a rubuta: yadda ake dama fura, ranar roron gyaɗa, kakata, abin da na gani a hanyar kasuwa. Wata rana ya kwashe su gaba ɗaya zuwa wurin wani tsoho mai tufkar igiya, suka zauna suna kallo har ya gama, sannan suka koma aji. Ba ya kuma barin su ɗauki biro sai sun yi magana. Ya tsai da yaro ya ce, "Faɗa mani da baki tukuna." In yaron ya faɗa sai ya ce, "Yauwa. To haka nan za ka rubuta, kar ka ƙara mashi gishiri." Na san wannan ne don tagar ajin ba ta da murfi, hanyar rijiya kuma ta gefenta ta bi. Ban taɓa tsayawa ba, kar a ce ina kallon ɗan fari. Nakan dai rage tafiya.

In an tashi sai ya tattaro littattafan a jaka ya kawo gida. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ya fito da jan biro. Wanda ya duba ya ajiye gefe, ni kuma in ja in karanta.

"Yaya, a wanke hannu dai. Wancan makon miyar kuka na tarar a littafin wani, ya tambaye ni na rasa amsar da zan ba shi."

"Kai ma ai da hannun batur kake taɓawa."

Abin da ke cikin littattafan nan ya fi hirar rediyo. Wani yaro ya rubuta cewa kakarsa ba ta da haƙori ko ɗaya, amma duk ranar da aka yanka kaza ita ke cinye ƙundun. Wata ta ce jakinsu ya fi yayanta hankali, domin shi in an kora shi gona yana zuwa. Akwai yaran rugar bayan rafi, su ma suna ajin. Iyayensu sun daɗe tare da mu, uwayensu ke kawo mana nono. Ɗaya daga cikinsu ya rubuta yadda ake gane saniya ta kusa haihuwa, har da kalmomin Fulatanci a ciki. Malam bai ja musu layi ba, ya rubuta masa a ƙasa cewa gobe ya zo ya koya masa su. Insha'in da ya fi kyau a makon, ranar Juma'a Malam ke karanta shi da kansa gaban aji, a tafa wa mai shi. Akwai uban da ya taɓa zuwa har ƙofar gidanmu da ƙwan zabi a hula, don ɗansa ya karanta masa abin da ya rubuta a kan yadda yake gyaran garma. Ya ce shi bai san yaron yana kallonsa ba.

Ban taɓa ce wa Malam aikinsa ya yi kyau ba. Amma ranar Alhamis da wuri nake gama aikin gida.

Duk wannan ana yinsa ne cikin shekarun nan da mutanen daji, wato ɓarayin nan masu bindiga, suka hana mu sakewa. Ba sai na ba da labarinsu ba, duk wanda ke tsakanin Batsari da Safana yana da nasa. Abin da zan faɗa shi ne yadda suka canza mana baki. Da, in mutum ya samu albarkar gona, a fili yake jibge damman geronsa kowa ya gani ya yi masa barka. Yanzu in ka tambaye shi ya amfani, sai ya ce bana ko na kunu bai samu ba, alhali kai ka taya shi ɗauka. Wanda ya sayar da gyaɗa da tsohuwar riga yake dawowa daga kasuwa. Mai shanu ya rarraba su gidajen dangi. Sai kuma wata kalma ta shigo mana, infoma, wato mutumin gari da ke kai wa ɓarayi labarin wanda ya samu. Kowa ya yarda akwai su, ba wanda ya taɓa kama ɗaya a garinmu. Amma mun ji abin da ake yi wa wanda aka laƙaba wa sunan a wasu garuruwa. Ba a jiran alƙali.

Malam ya san duk wannan, shi ma da shi ake gudu cikin dawa in an ce ga su nan. Amma a ransa aji wani wuri ne dabam, maganar waje ba ta shiga. Ni ma da nake karantawa ban taɓa kawo komai a raina ba.

Farkon damina ya rubuta musu a allo: Dabbobin gidanmu.

Maƙwabcinmu na bayan masallaci yana da shanun huɗa guda biyu, fari da ja. Matarsa aminiyata ce, shekara ɗaya aka kawo mu garin muna amare, ni na yi mata zaman jego na 'yarta ta ƙarshe. Wannan 'yar tana aji shida, ita ta fi kowa hannu a ajin. Ta rubuta cewa tun kaka babanta ya kai shanun wurin kawunta a Zakka, ta yi ta kewarsu, sai yanzu da ruwa ya sauka aka dawo da su. Ta ce farin ya gane muryarta tun daga ƙofar gida. Ta ce yanzu ba a ɗaure su a turke, a tsohon ɗakin kakarta suke kwana, jan kuma duk safiya sai ya buga ƙahonsa a ƙofar ɗakin don ya manta gajeriya ce. Na yi dariya har Malam ya ɗago kai. Ya ba ta maki cikakke, ya zana mata tauraro da jan biro, ranar Juma'a ya karanta wa aji.

Ba a daɗe ba aka kwashe shanun. Da safe muka ji. An ce ɓarayin sun dira gidan ta katanga, suka wuce turke ko kallonsa ba su yi ba, suka nufi ɗakin. Maigidan ya fito suka sauke masa gindin bindiga a kafaɗa, har yau hannun ba ya ɗaguwa sosai. Ba a kashe kowa ba, muka yi ta hamdala.

Wannan "ko kallon turke ba su yi ba" shi ya zama abin taunawa a gari. Ni dai na san shanun nan da rana tsaka suke huɗa a gonar bakin hanya. Na kuma san duk mai wucewa ta lungun yana jin kukansu da warin kashinsu daga ɗakin. Amma mutumin da aka raba da shanunsa ana tsakiyar huɗa ba wannan bayanin yake nema ba, wanda zai kama yake nema.

Yaran ruga su suka fara ɗauke ƙafa. Ba wanda ya kore su. Iyayensu sun riga kowa gane inda zancen zai faɗa, su da aka kwashe musu garke tun kafin a taɓa namu. Malam ya je har rugar, aka dama masa fura, aka ce Allah ya saka da alheri, amma yaran za su ɗan taya kiwo. Na zaci tafiyarsu za ta kashe maganar. Sai zuwan da ya yi rugar ya zama wata maganar.

A rijiya, in na iso, sai hira ta koma kan tsadar gishiri. Mazan da ke tsayawa su ce, "Allah gafarta Malam, an tashi lafiya, ya yaran, ya haƙuri da su," suka koma ɗaga hannu daga nesa. Ƙanwar mijina ce ta zo ta zazzage mini sauran. Wai me ya sa bai ce su rubuta tatsuniya ba, sai dabbobin gidansu? Wai ranar kasuwa da wace jaka yake zuwa Batsari? Wai maƙwabcin ya buɗe littafin 'yarsa ya ga jan tauraro, ya bi littattafan yaran unguwa bai ga mai irinsa ba. To alamar mece ce, kuma wa aka yi wa ita don ya gani?

Na gaya wa Malam. Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. "Har da tauraron? Yaya, bar su, za su manta." Ya ci gaba da zuwa yana kaɗa ƙarfe, benci yana ƙara yin fili.

Na daɗe ina juya abin a raina. Tun da na haife shi ban taɓa buɗe baki a kansa ba. Yana yaro aka fasa masa kai a dandali, ina ganin jinin na shige ɗaki, kakarsa ce ta fita ta yi faɗan. Amma kakarsa ta rasu, ubansa ya rasu, sunan da ake shirin laƙaba masa kuma ba fashin kai ba ne. Na ƙulla daddawa da kuka, na sa hijabi, na tafi wurin aminiyata da sunan ƙara jaje.

Na tarar da wasu mata a tsakar gidan suna taya ta ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ya mai jiki, ya ƙarin haƙuri, Allah ya mayar da alheri. Na zauna na ja ƙwarya ina taya su. Sai da na ɓare mai yawa kafin bakina ya buɗe.

"Na zo ne kan maganar Malam."

Wata tsohuwa a cikinsu ta ajiye gyaɗar hannunta. "La'ilaha illallahu. Yau ke ce da zancen ɗan fari a baki? Lallai mun ga zamani."

Aka ɗan yi dariya, ban da aminiyata.

Na ce mata, "Ke kin san shi tun yana tsumma. A bayanki ya yi barci lokacin da na yi zazzaɓi. Abin da ɗiyarki ta rubuta ba komai ciki sai son da take yi wa shanun nan. Wallahi da kin ji shi da kin yi kukan daɗi. Ni na karanta da idona."

Ta ɗago. "Kin karanta? Ina kika gan shi?"

"A gida. In ya kawo zai duba nakan karanta."

"Na ɗiyata kaɗai?"

"Na kowa."

Nan hannuwa suka tsaya da ɓara.

"Tun yaushe?"

"Tun da ya fara."

Wata ta ce, "To ashe ranar da muka kwana ba mu ɗora tukunya ba kin sani." Wata ta ce, "Mu muna nan muna rufa asirin gidajenmu, ashe yana can inuwar rumbunki a shanye." Tsohuwar ta girgiza kai. "Bokon tsufa ya yi rana."

Aminiyata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni ban ce ke ce ba, ban ce shi ne ba. Amma in ke kin karanta, wa kuma ya karanta? Gidanku ba ƙofa gare shi ba? Ba a shiga ɗibar wuta?"

Na ce mata masu shiga ɗibar wuta ba su iya karatu ba.

Ta ce, "Ke ma mun zaci sunanki kaɗai kika iya rubutawa."

Ta karɓi daddawar ta yi godiya, ta raka ni har zaure kamar kullum.

Kafin magariba gari ya ɗauka. Malam ya shigo ya tsaya a kaina ina tankaɗe. Na jira faɗa. Sai ya ce, "Yaya, wai yau ke kika je faɗana?" Na ce ban je faɗan kowa ba, jaje na je. Ya tsaya kamar zai ƙara wata magana, sai ya ce Allah ya saka, ya ɗauki buta ya fita.

Alhamis ɗin da ta biyo, 'yan yaran da suka rage ya sa su rubuta a kan ruwan sama. Ya kawo littattafan gida, ko buɗe su bai yi ba aka yi sallama. Wakilin mai gari ne, da malamin Arabiyya, da iyaye maza, waɗanda suka janye 'ya'yansu kowa riƙe da littafin ɗansa. Har da shugaban 'yan sa-kai, wato samarin da suka ɗauki bindiga suna gadin gari. Shi sa'an Malam ne, rana ɗaya aka yi musu kaciya. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ni kuma na tsaya bayan zana ina ji.

Wakilin ya ce, "Malam, ba wanda ya ce ka yi wani abu. Mai gari ya ce a gaya maka kai ɗan gari ne, ubanka mutumin kirki ne. Amma zamani ya lalace, takarda kuma ba a san hannun da za ta faɗa ba. Duk abin da yara suka rubuta na gidajensu, a ƙone."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, littattafan ba insha'i kaɗai ke ciki ba. Akwai lissafi, akwai sauran darussa. In aka ƙone su duka yaran ba su da na karatun jarrabawa."

"To ka nuna mana inda za a cire."

Yawancin iyayen ba su iya karatun boko ba. Don haka kowane uba ya miƙo littafin ɗansa, Malam ya buɗe ya nemo shafin ya ce, "Nan," uban ya yage. Ya sake buɗewa ya ce, "Nan ma." Mutumin da ba su yarda da shi ba, shi suka yarda ya nuna musu. Mai ƙwan zabin nan yana cikinsu. Da aka gama nasa ya ce, "Malam, ka tabbata ba ka tsallake ba?" Malam ya ce, "Ban tsallake ba, Baba."

Shugaban 'yan sa-kai yana jingine da bango, bindiga a kafaɗa. Ya ce, "Kai dai tun muna yara ka cika tambaya. Ni shi ya sa na gudu tun aji uku, ga shi yau ba mai yage mani takarda."

Malam bai ɗago ba ya ce, "Ai kai ko an so a yage ba za a samu abin yagewa ba."

Aka yi dariya sosai, har da wakilin. Ana dariyar ana yaga.

Da takardun suka taru wani ya ce a watsa su a juji a sa ashana. Malamin Arabiyya ya ce a'a. Yaran nan duk da bisimilla suke fara rubutu a saman shafi, ba za a kai sunan Allah juji ba, a kawo kasko. Ni aka aiko wa. Na ba da kaskon da nake turaren ɗaki, na zuba garwashi da hannuna. Aka ƙone su ɗaya bayan ɗaya, a tsanake. Aka haƙa rami jikin katanga inda ƙafa ba ta takawa, aka binne tokar, aka yi addu'a aka shafa. Ban taɓa ganin an girmama rubutun yaran nan kamar ranar ba. Wakilin ya ce magana ta mutu.

Daga nan Malam ya koma rubuta wa yara a allo suna kwafewa. Littafi ya daina kwana a gidanmu. Bayan la'asar sai ya zauna da rediyo a kunne, ni kuma na koma tsinkar zogale ko abin da ya samu. Wasu yaran suka dawo aji, na fara cewa Allah ya rufa asiri.

Tsakiyar damina aka sake shigowa, aka kore tumakin wani mutum a ƙarshen gari. Shi ko ɗa ɗaya bai taɓa sawa a makaranta ba. Na ce a raina to wannan ta wanke Malam. Ashe ba haka ake lissafin ba. Aka ce ai ba ya bukatar takarda yanzu, ya riga ya haddace gari.

Shugaban 'yan sa-kai ya zo da hantsi ranar Asabar, ba bindiga. Ya zauna a zaure ya ce a ba shi ruwa. Ni na kai ruwan, ban yi nisa ba.

"Abokina, ni na san ka. Amma yaran da ke ƙarƙashina ba duka ke jin maganata ba, akwai waɗanda aka kashe wa iyaye a gabansu. In wani abu ya sake faruwa, ina bakin rafi kai kana nan, ban san abin da zan tarar ba. Ka je Batsari ka sha iska."

"Ajin fa?"

"Aji ba ya gudu. Kai dai ka fita da ƙafarka."

Hedimasta ya shiga ya fita a ofishin ilimi, aka mayar da Malam wata firamare a cikin Batsari. Ranar tafiyarsa ƙofar gidanmu ta cika. Mutanen da suka zauna a tabarmin nan su suka zo rakiya. Wani ya ɗaura masa wake a bayan babur, wani ya kawo kaza. Maƙwabcin ya tallafo hannunsa mai ciwo da ɗayan ya miƙa masa. Aka yi doguwar addu'a, Allah ya kiyaye hanya, Allah ya sa canjin ya zama alheri. Na ji wata murya tana cewa, "Wallahi mun yi rashi, Malam." Shi kuma yana ta amin, amin. Ni ban bi shi ba, saboda gona da ƙannensa.

Ba a turo kowa a madadinsa ba. An ce malamai ba sa son ƙauye yanzu, kuma ba a ga laifinsu ba. Malamin Arabiyya ya haɗa yaran duka yana lallaɓawa, in ya gaji ya sallame su. Manyan suka watse, wasu gona wasu talla. 'Yar aminiyata ba ta zauna jarrabawar fita a shekarar ba, ba wanda ya zauna a garinmu.

Nakan je wurinsa ranar kasuwa in hanya ta yi kyau. Ɗaki guda ya kama. Ajinsa na can cike yake da yaran ƙauyukan da aka tasa, suna zaune a ƙasa har gindin allo, sai ya ɗaga ƙafa yake wucewa. Ya rame, amma yana barci.

Bayan an gama kaka aminiyata ta yi sallama ta shigo, da gyaɗa a ƙwarya. Tun ranar ɓarar nan gaisuwar hanya kawai muke yi. Ta zauna ta daɗe, ta tambayi kowa da kowa, har awaki. Can ta ce, "Yarinyar nan ta hana ni sakat. Kullum kuka, wai ita karatu. Ubanta ya yarda ta zauna wurin goggonta a Batsari ta maimaita aji shida. To an ce makarantun sun cika, sai da wanda ya san ka. Ko za ki yi wa Malam magana ya karɓe ta ajinshi?"

Ba ta tada abin da ya wuce ba, ni ma ban tada ba. Na ce zan faɗa masa.

Na same shi ya dawo daga makaranta yana wanke allin hannunsa a ƙofar ɗaki. Na faɗa masa yadda ta faɗa. Ya daɗe yana zuba ruwa a hannun da ya riga ya fita.

"Ta kawo ta ranar Litinin. Amma Yaya, ki gaya mata, nan ba na sa kowa ya rubuta nashi. Abin da na sa a allo shi suke kwafewa."

Na ce, "Yarinyar fa hannu gare ta."

Ya ce, "Na sani."

Na koma gida na kai saƙon kamar yadda ya ba ni, ban rage ba ban ƙara ba. Aminiyata ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi. Ai hakan ma ya fi kwanciyar hankali."